Ranar da Injiniya Ya Haɗa Ni da Ofis

Sati biyar ke nan rabona da ofis. Wasu cikinku sun yi ta turo mini saƙo suna tambaya ko lafiya na yi shiru. Ni lafiyata ƙalau, Baba ne ba lafiya. Ya faɗi a banɗaki wata safiya, kafin mu kai shi asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, maganar ma ta ɗauke. Kwana goma sha takwas muka yi a asibiti kafin a sallame mu.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu, kuma da Auta kowa yake kirana. Yayyena mata biyu suna aure a nesa. Yaya, babbanmu namiji, yana can ɗaya gefen gari da matarsa da 'ya'ya uku. Umma gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, daga ɗaki zuwa kicin sai ta dafa bango. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce jinyar Baba tawa ce, kowa dai ya koma gidansa ya bar ni da ita.

Aikina zanen gine-gine ne a wani kamfani. A can na haɗu da Injiniya, wanda yake kula da kwamfutocin ofis. Shekara biyu muna tare. An riga an sa ranar da manyansa za su zo wajen Baba, saura kwana tara Baba ya faɗi. Satin farko a asibiti kullum yana nan, shi ne sayo magani, shi ne tura keken Baba zuwa ɗakin hoto. Sai kawai ya ɗauke ƙafa. Saƙonninsa suka koma layi ɗaya.

"Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Allah ya ƙara lafiya."

Shi ke nan hirar. Na ce a raina ya ga abin da ke gabana ne ya auna ya ga ba zai iya ba. Ban tambaye shi ba. Ina da wannan halin, in na ga mutum yana ja da baya sai in riga shi.

Ranar Alhamis da ta wuce Manaja ta kira ni. Mace ce mai kirki, amma ba ta kewaye-kewaye.

"Auta, hutunki ya ƙare, na ƙara miki har sau biyu. Zanen makarantar nan yana jiranki. Ko ki dawo, ko ki yi aiki daga gida, ko kuma in ba wani kujerar. Wanne kika zaɓa?"

"Daga gida, ranki ya daɗe."

"To zan turo a saka miki VPN. Kin san zane-zanenmu ba sa fita daga babbar kwamfutar ofis, sai dai ke ki shiga wajensu."

Mutum biyu ne kawai a sashen kwamfuta, kuma ɗayan yana hutu. Ranar Lahadi da yamma saƙon Injiniya ya shigo.

"Salam. An ce in zo in haɗa miki VPN. Gobe ƙarfe goma ya yi?"

Ko sunana bai saka ba. Na rubuta "Sai da aka aiko ka?" na goge. Na rubuta "Ka tuna hanyar gidan?" na goge. A ƙarshe na tura masa "Ya yi."

Kada ku yi mini dariya, sau uku na canja kaya da safen nan. Na fara saka shuɗiyar doguwar rigar da ya taɓa cewa tana yi mini kyau, na ga kamar roƙo nake yi, na cire. Na ƙare da wata mai ruwan toka da baƙin mayafi. Na wanke hannuna da sabulu har sau biyu, amma warin man zafin da nake shafa wa Baba bai fita ba. Da na kalli madubi sai na ga ƙasan idona ya yi baƙi. Na ɗauki hoda, na ajiye. Wa zan ruɗa?

Falonmu ya daina zama falo. Keken Baba ba ya shiga ƙofar ɗakinsa, don haka muka fito da gadon nan, muka tura kujeru jikin bango, ɗaya a kan ɗaya. Teburin cin abinci shi ne kantin magani: kwalaye, na'urar awon jini, audugar goge baki, kofi mai bututu. Na ture su gefe guda, na shimfiɗa tsumma, na ɗora laftof ɗin ofis wadda tun ranar da Baba ya faɗi ban buɗe ta ba.

Goma saura biyar ya yi sallama. Farar riga ce a jikinsa mai dogon hannu, katin aiki rataye a wuya, baƙar jakarsa a kafaɗa. Ya rame. Na ji haushin kaina da na lura.

Ya durƙusa ya gaida Umma. Ta amsa tana gyara zanen gadon da ba abin da ya same shi. Ya matsa wajen Baba. Baba ya zuba masa ido, ya miƙo hannun hagu ya kama nasa, ya riƙe gam. Bakinsa yana ta motsi, sautin yana fitowa amma ba kalma. Injiniya ya sunkuyar da kai yana cewa, "Na'am Baba. Na'am. Allah ya ba da lafiya." Sai da na zo na zare yatsun Baba ɗaya bayan ɗaya.

Muka zauna a teburin, kujera ɗaya a tsakaninmu babu kowa a kai.

"Intanet ɗin gidan yana aiki?"

"Yana yi."

"Ɗauko takarda da biro. Duk abin da na yi ki rubuta."

"Ai in na manta zan kira ka."

Bai ɗago ba. "Ki dai rubuta."

Umma daga bakin gado ta ce, "Wai mene ne abin da za a saka ɗin?"

"Umma, hanya ce ta sirri," in ji shi. "Tana zaune a nan, kwamfutarta za ta shiga ta ofis kamar tana kan kujerarta a can. Duk abin da ya bi ta hanyar a kulle yake, ba mai iya leƙawa."

"Wato ba sai ta fita ba."

"Ba sai ta fita ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Umma.

Ya sa filashi ya saka manhajar, ya shigar da wani ɗan fayil da ya ce shi ne yake ɗauke da adireshin ofis. Ni kuwa ina rubutawa kamar 'yar makaranta. Na ɗaya, kunna intanet. Na biyu, danna hoton garkuwa a ƙasan allo. Na uku, sunan aiki. Na huɗu, kalmar sirri. Da aka zo nan ya juyo da laftof ɗin gabana, ya kau da kai yana kallon taga.

"Saka sabuwa. Kada ta gaza harafi goma sha biyu, ki haɗa da lamba. Kada ki faɗa wa kowa, har ni."

Mutumin da ya san lambar buɗe wayata, ya san ranar haihuwata, ya san ba na shan shayi da madara. Na buga kalmar.

Sai ya karɓi wayata ya saka wata manhajar. Ya sa na ɗauki hoton wani murabba'i mai ɗige-ɗige da ya fito a allon laftof, nan take lambobi shida suka bayyana a wayar.

"Duk daƙiƙa talatin suna canjawa. Bayan kalmar sirri sai ki saka waɗanda kika gani. Gwada."

Na saka. Garkuwar ta yi ta juyawa, sai ta yi ja. An ƙi.

"Sake."

Na sake, a hankali, ina karanta kowace lamba a fili. An ƙi. Karo na uku ma haka. Ya ce in dakata, in aka yi biyar za a kulle ni gaba ɗaya. Ya jawo laftof ɗin ya duba wannan ya duba wancan, ya cire intanet ya mayar. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Ni kuma na tuna Manaja ta ce in ba a ga na shiga ba zuwa Talata, ta gane amsata.

Ana cikin haka Baba ya fara nishi. Ya zame daga kan filo, wuyansa ya lanƙwashe. Na miƙe da sauri. Ɗaga Baba aiki ne da yake cin mini minti biyar: in sa gwiwa a kan gado, in zura hannuwa ta ƙarƙashin hammatarsa, in ja, in huta, in sake ja, bayana yana ƙara. Kafin in sa gwiwar, Injiniya ya naɗe hannun rigarsa ya ce in riƙe filon kawai. Ɗagawa ɗaya ya yi masa. Ya gyara masa kafaɗar da ta shanye, ya sa ƙaramin filo a ƙarƙashin hannun kamar yadda ma'aikaciyar jinya ta koya mana tare a asibiti. Bai manta ba. Na juya na shiga kicin kamar zan ɗauko ruwa, na tsaya gaban famfo har idona ya bushe.

Da na dawo na same shi riƙe da wayata, yana kallonta yana kallon agogon hannunsa.

"Agogon wayarki ya yi gaba da minti goma."

"Ni na tura shi. Saboda maganin Baba, kada in makara."

"Shi ne matsalar. Lambobin da agogo suke tafiya. In na wayarki bai yi daidai da na ofis ba, ba za su taɓa karɓa ba." Ya mayar da agogon yadda zai riƙa saita kansa. "Ki sa ƙararrawa ta riƙa tashinki kafin lokacin maganin. Kawo in saka miki. Ƙarfe nawa da nawa?"

"Takwas, biyu, takwas."

Ya saka. Na buga kalmar sirri, na buga lambobi shida. Garkuwar ta juya sau biyu ta koma koriya.

"Kin shiga," in ji shi.

Ya nuna mini inda zane-zanena suke, ga makarantar nan yadda na bar ta, rabin tagogin bene na biyu ban saka ba. Wallahi sai da na ji kamar na ga wani ɗan'uwa. Ya ce in riƙa kashe haɗin in na tashi aiki, in kuma garkuwar ta yi ja a tsakiyar aiki kada in tsorata, in adana abin da nake yi in sake shiga. Yana magana yana naɗe wayar cajarsa.

A ofishinmu akwai shafin sanarwar ma'aikata, wanda ba ya buɗuwa sai a cikin ofis ko ta wannan hanyar da ya haɗa mini. Da ka shiga intanet shi yake fara fitowa. Na danna don in duba imel, sai ga shafin. Sai ga hotonsa a sama, da wannan farar rigar.

Na karanta sau biyu. Kamfani yana taya shi murnar zama shugaban sashen kwamfuta na sabon reshe, wanda ke can wata ƙasar. Za a yi masa walimar bankwana ranar Alhamis da ƙarfe uku. Zai tashi ranar Asabar. An saka sanarwar kwana goma sha biyu da suka wuce, har mutum talatin da ɗaya sun yi masa fatan alheri a ƙasa. Kowa a ofis ya sani, har mai shara.

Ya ga abin da nake kallo. Hannunsa ya tsaya a kan zif ɗin jaka.

"Umma, zan raka shi," na ce.

A bakin ƙofar gida muka tsaya, inda inuwar katanga ta ɗan rage rana. Na rage murya saboda tagar falo a buɗe take.

"Shi ya sa ka ce in rubuta."

"Eh."

"Da sai yaushe za ka gaya mini? Ko sai ka sauka?"

"Na ɗauka ba ki son ji daga gare ni."

"Ni? Ni na ɗauke ƙafa?"

Ya dube ni sosai, karo na farko tun zuwansa. "Auta, ke fa kika aiko a ce mini in haƙura."

"Wa na aika?"

"Yaya. Ranar da aka mayar da Baba ɗaki na sama. Ya same ni a wajen ajiye motoci, ya ce kin yi shawara, ba za ki iya barin gida ba ko shekara nawa za a ɗauka, kuma ba ki son ki riƙe ni. Ya ce nauyina kike ji, shi ya sa ba ki faɗa da bakinki ba. Ya roƙe ni kada in tayar miki da maganar, abin da ke kanki ya ishe ki."

"Kuma ka yarda."

"Na kira ki washegari sau biyu."

Na tuna. Ina gaban likita a lokacin, yana yi mini bayanin yadda ake ba Baba abinci kada ya shaƙe. Na tura masa "Zan kira ka." Ban kira ba. Ranar ko wanka ban yi ba.

"Na jira kwana uku," ya ce. "Shekara guda suna bina da maganar reshen nan ina ƙi, kin sani. A rana ta huɗu na sa hannu. Aikin na shekara biyu ne."

"Ban aiki kowa ba. Wallahi ban aiki kowa ba."

Ya jingina da katanga, ya rufe ido.

"Ban taɓa cewa ki bar Baba ba," ya ce a hankali. "Da an tambaye ni. Gidan nan mai koren ƙofa a ƙarshen layinku, har na je na duba shi. Ɗaki biyu ne. Na ce in kin yi masa na safe, ni in yi masa na yamma."

Ban san lokacin da na durƙusa a wajen ba. Ban yi kuka mai sauti ba, mayafina kawai na cusa a baki. Ya tsaya a kaina, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Wayarsa ta yi ta ƙara, daga ofis ake nemansa, wata kwamfutar ta ƙi tashi. Ya ce, "Zan yi miki magana." Ya tafi yana waiwaye.

Na wanke fuskata a famfon tsakar gida, na shiga falo. Baba ya yi barci. Laftof tana nan a buɗe da hotonsa. Na ɗauki wayata na nemo lambar Yaya. Abin da na shirya faɗa masa, ban taɓa faɗa wa wanda ya girme ni irinsa ba.

"Kada ki kira shi."

Umma ce. Tana zaune a bakin gado, ta juya mini baya.

"Umma, ba ki san abin da ya yi ba."

"Na sani. Ni na aike shi."

Na tsaya da wayar a hannu.

"Bai so ba," ta ce. "Sai da na yi masa kuka. Ranar da likita ya ce mahaifinku ba zai ƙara tafiya ba, na dubi ƙafafuna, na dubi gidan nan. Ko kofin ruwa ya faɗi ba na iya sunkuyawa in ɗauka. Na ce in kika tafi, ranar da ya zame daga gadon nan sai dai in zauna kusa da shi a ƙasa mu jira wani ya shigo." Muryarta ta karye. "Tsoro ne, Auta. Ban yi don in cuce ki ba. Tsoro na ji."

Da Yaya ne, na san abin da zan yi. Amma wannan matar ita ta sayar da keken ɗinkinta na shiga makarantar zane. Ita take jirana a bakin ƙofa duk ranar da na yi yamma a ofis. Na nemi fushin da na shigo da shi na rasa inda zan ajiye shi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ba don na huce ba.

Ta kamo wuyan hannuna da hannu biyu. Tafinta ya yi sanyi.

"Ki ce mini ba za ki bar mu ba."

Wayar ta yi motsi a cinyata. Na kalli allon ba tare da na ɗaga ta ba, Injiniya ne.

"Auta, na yi magana da Manaja. Akwai abu ɗaya da za a iya yi game da tafiyar nan, amma ba mai sauƙi ba ne, kuma ba zan taɓa shi ba sai na ji daga bakinki. Ba ta bakin kowa ba. Ina da zuwa Alhamis da safe."

Umma ba ta iya karatu ba, amma ta ga hasken, ta kuma ga fuskata. Ta ƙara matse hannuna.

Yau Talata. Da safe na ba Baba magani, na danna garkuwa ta yi kore, na saka tagogi shida a bene na biyu, Manaja ta turo mini "Sannu da dawowa." Umma ta kawo mini shayi har teburi, tana dafa bango, abin da ba ta yi ba tun ina makaranta. Na ce mata na gode. Ban ba ta amsarta ba, shi ma ban ba shi tasa ba.